Goron da Na Kai Tibiri

Ranar da na fita takaba, yayan mijina ya zo daga Jiratawa da buhun gero a bayan babur. Ya zauna a zauren gidanmu na unguwar Zariya a Maraɗi, ya yi mini magana ta bayan labule kamar ban taɓa tuƙa masa tuwo ba. Mutum ne mai sanyin murya, irin waɗanda ba sa ɗaga maka harshe, kuma ba sa canza magana. Ya ce ɗiyata ta zauna wurina tunda ƙarama ce, amma da sharaɗi biyu. In na yi aure a kai masa ita, don ɗiyar ƙanensa ba za ta zama agola a gidan wani ba. In kuma ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba ni da abin riƙe ta, nan ma a kai ta, su suna da hatsi. Na ce to. A ranar nan ko kunnena ɗaya ya ce in yanke masa, to zan ce, muddin zai tashi ya bar mini yarinyar.

Sharaɗin farko bai taɓa hana ni barci ba. Bayan abin da na gani a gadon asibiti wurin jinyar mijina, aure ya fita raina, kuma dattijan da suka riƙa tsayawa da mota a ƙofar gida Inna ce ke fita ta sallame su. Na biyun ne ya tsaya mini a wuya. Ina da difilom na aikin lissafi, na iya ordinatar, wato kwamfuta, amma a Maraɗi takarda ba ta buɗe ƙofa sai da wanda ya san ka a ciki. Na kai dosiyen takarduna biro-biro, ofis bayan ofis, har na san masu gadin garin nan fiye da dangin ubana. Na yi aikin koyo kyauta a wurare biyu, aka yi mini godiya aka sallame ni. Na gwada sayar da ƙanƙara da zoɓo, wuta ta riƙa ɗaukewa, ina kwashe ruwan ɗumi daga firji ina zagin wanda ba ya ji na. Gidan kuwa ƙanena ke riƙe da shi da kabu-kabun babur, shi da ƙosan da Inna ke soyawa da safe.

Haka muka lallaɓa har daminar da haƙorin yarinyar na gaba ya fita. Yayan mijina ya fara kira a waya. Ba ya fitowa fili da maganar. Zai gaishe ni, ya gaida Inna, ya tambayi ruwan sama, sannan ya ce, "Ya ɗiyarmu? Bana ta isa lakwal ko?" In ce ta isa. Ya ce madalla, ya kashe. Duk ranar da ya kira ba na iya cin abinci. Da kaka ake buɗe lakwal, gero kuwa ya riga ya fara fitar da kai.

A cikin wannan hali wata ƙungiya ta tara mata masu neman aiki a wani ɗakin taro, na je, don na ji ana ba da abincin rana. Malamin daga Yamai aka ɗauko shi, wani siriri da kwat cikin zafin nan, yana magana yana goge wuya. Abu ɗaya ya riƙe kamar karatun allo: kada ku taɓa zuwa gaban mai ba da aiki ba ku bincike shi ba. Ku san tarihinsa, ku san halinsa, ku san abin da yake so da abin da ya tsana. Wadda ta san wannan ta riga ta wuce sauran. Wata ta tambaye shi a ina za a samo duk wannan, ya ɗaga wayarsa sama ya ce komai yana nan ciki. Na yarda da shi ƙwarai. A lokacin ko mahaukacin bakin kasuwa ne ya ce mini ga hanyar aiki, zan bi.

Ba a jima ba wata ƙawata ta lakwal ta raɗa mini cewa wani Alhaji mai magaza, babban ɗakin ajiyar kaya, a Sabon Gari, cikin manyan masu shigo da shinkafa da mai, yana neman mai riƙe masa lissafi a ordinatar. Ɗansa ne ya dawo daga karatu ya matsa masa. Mako mai zuwa za a gana da masu so. Na sayi intanet da abin da ya kamata in sayi sabulun wanki, na rubuta sunan Alhajin. Mutane suka fito rututu masu irin sunan, har da wani ɗan ƙwallo, shi kuwa babu shi. Abin da na samu kawai hoton wani ɗaurin aure ne inda ƙeyarsa ta fito a gefe. Mutumin da manyan motocinsa ke toshe titi ko allon suna babu a ƙofar magazarsa.

Na ce wa Inna zan fita in tambayi mutane. Ta ajiye matsamin ƙosai ta dube ni.

"Tambaya ki yi, amma kada ki buɗe baki ki ce aiki kike nema. Wancan karon da kinka gaya ma maƙwabta, mi ya faru? Baki ya shiga, abu ya lalace. Ki yi shiru sai ya zo hannu."

Wannan ma na yarda da shi, don haka aka raine mu, ba a faɗin ciki sai ya fito, ba a faɗin tafiya sai an ɗaura kaya. Sai na haɗa shawarar mai kwat da shawarar Inna na fita da su tare: in tambayi komai, kada in faɗi dalili.

Mace ba ta zuwa ta zauna a majalisar direbobi, don haka na nufi wata dattijuwa mai sayar da shinkafa da wake a gefen magazar, inda leburori ke ci. Na sayi kwano ɗaya, na jira suka watse, na matsa kusa da tukunya.

"Inna, wai Alhajin ga mai magaza, wane irin mutum na?"

Ta kalle ni tun daga takalmi har bakin hijabi.

"Ina mijinki?"

"Ya rasu."

"Ayya. Allah shi jiƙan shi." Ta ɗebo nama yanka biyu ta sa mini a kwano, ban saya ba. "Ni abin da na sani kaɗan na, ɗiyata. Nan kowa tsoro nai yake ji, ba mai gaya miki gaskiya. Ki tahi Tibiri. Gwaggo tai na nan da rai, ita ta yaye shi. In akwai wanda ya san ciki nai, ita ta."

Ta kwatanta mini gidan, ta bi ni da murmushi. Ni a zatona kirki ne kawai, har na tafi ina cewa ashe da sauran mutanen arziki a garin nan.

Ba a zuwa wurin tsohuwa hannu sake, ko baƙon jiya ya san wannan. Na tsaya kasuwa na sayi goro fari mai kyau da sabulu. Na sa atamfata ɗaya da ta rage mai mutunci, don dangin babban mutum zan gani. Na bar yarinyar wurin Inna, na shiga mota. Ranar kasuwar Tibiri ce, motar cike da mata da kwanduna, wata tunkiya tana numfashi a ƙafata har muka isa.

Gidan ƙasa ne babba, da ɗaki ɗaya na siminti da aka ce Alhajin ne ya gina wa tsohuwar, ita kuwa ta zuba gyaɗa a ciki ta ci gaba da kwana a ɗakinta na da. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, 'yar ƙarama, da tsagen Gobirawa har kunne. Na durƙusa na gaishe ta, na tura ƙullin goron gabanta. Ta kwance, ta duba, ta ɗaga ido.

"Daga ina?"

"Daga Maraɗi, Gwaggo. Tambaya gare ni bisa Alhaji."

"To! Ku kawo ma baƙuwa tabarma. Ba waccan ba, sabuwar."

Kafin a kawo mini ruwa matan gidan sun bar dakansu sun kewaye mu. Na fara tambaya kamar yadda mai kwat ya koya mana. Yaya halinsa yake? Tana ba ni amsa ina ajiyewa a kai, ina jin daɗi kamar na tsinci zinari. Ta ce yana da zuciya amma ba ya riƙo. Ba ya son ƙarya ko ta wasa. Ba ya son a tsaya masa a kai yana zaune. Turare mai ƙarfi na sa masa ciwon kai. Wanda ke ƙarƙashinsa ba ya kwana da yunwa. Na tambaya ko yana da haƙuri da mace mai ɗa, don ina tunanin yadda zan riƙa fita da rana in ɗauko yarinyar daga lakwal. Matan suka kalli juna. Tsohuwar ta ce ɗiya nawa gare ni, na ce ɗaya. Ta ce ɗaya ai ba komai ba ce a gidan Alhaji.

Sai na yi tambayar da ta fi damuna, ko yana riƙe mutum, ko kuwa cikin masu saurin kora ne.

"Kora?" Ta buga cinya. "Tun da yat tashi, guda ɗai yas saki, ita ko ita tan nema. Ukun da ag gare shi yanzu kowace da ɗakinta da firjinta. Kwantar da hankalinki, ɗiyata, gurbi guda na nan."

Nan ne kaina ya yi dum. Na dubi atamfar jikina, na dubi goron, na dubi sabuwar tabarmar da aka shimfiɗa mini. Bazawara ta yi kwalliya, ta taso tun daga Maraɗi da goro zuwa wurin wadda ta yaye mutum, tana tambayar halinsa ba ta faɗi dalili ba. A ƙasar nan abu ɗaya ke sa a yi haka.

"A'a, Gwaggo! Wallahi ba haka ba na. Aiki nike nema wurin shi, aikin biro."

Gidan ya kwashe da dariya. Wata ta rufe baki da zane, wata ta yi 'yar guɗa gajera. Tsohuwar ta yi dariya har ta share ido.

"Ji kunya! Ai haka anka san ɗiyar mutunci. Ni ma da anka tambaye ni cewa niy yi ban san shi ba."

Na rantse, na sake rantsewa. Duk rantsuwar da na yi sai su ƙara yaba tarbiyyata. Da na ce eh, da sun ce ba ni da kunya. Da na ce a'a, sun ji eh. Ina cikin wannan sai na ga tsohuwar ta fara rabon goron. Ta ba matan gidan, ta ce a miƙa wa maƙwabta ta katanga, ta ba wasu mata biyu da suka shigo shan ruwa daga kasuwa da kwandunan zogale a ka. Kowa ya karɓa sai ya tambaya, yadda ake yi, goron mene ne. Ina zaune ina ji ana cewa na baƙuwar Alhaji ne. Na so in tashi in bi su ɗaya-ɗaya in ƙwace abina daga bakinsu.

Ta sallame ni da ƙwan zabi cike da ƙwarya, ta ce in gaida iyayena, Allah ya sanya alheri. A mota na riƙe ƙwaryar a cinya, ina jin kamar in wurgar da ita ta taga, amma ƙwai ne, kuma akwai yarinya a gida.

Da na ba Inna labari ta yi dariya har da riƙe ciki. Can sai dariyar ta tsaya. Ta ce masu zogalen nan daga wane gari suke? Na ce ban tambaya ba. Ta ce zogale mai yawa haka a kwando, ina ake samunsa in ba a fadamar Jiratawa ba? Na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba, na ce ai ba Jiratawa kaɗai Allah ya yi wa zogale ba, kuma ita ce ta ce in rufe bakina. Ta ɗauki butarta. Na tura maganar can ƙasan zuciya, don ganawa na gabana kuma ba ni da ƙarfin ɗaukar tsoro biyu a lokaci guda.

Ranar ganawar ban shafa turare ba. Na tarar da samari a jere a kan benci, kowa da laktaye da jakar takardu, ƙamshinsu ya cika wurin har na tausaya musu. Da aka kira ni na shiga wani ɗaki a ƙuryar magazar, buhunan shinkafa har rufi. Ɗan Alhajin na kan tebur da ordinatar. Shi kuwa Alhajin yana ƙasa a kan darduma, ya miƙe ƙafa ɗaya, wayoyi a baje a gabansa. An ajiye kujera, ban hau ba, na durƙusa daga nesa na gaishe shi na zauna a ƙasa. Ɗan ya ba ni wani aiki a ordinatar, na tashi na yi, ban yi kuskure ba. Ya tambaye ni da Faransanci me ya sa na daɗe ba aiki, na faɗi gaskiya, ba wanda ya ɗauke ni.

Duk wannan Alhajin na kallo. Sai da na koma na zauna ya gyara hula.

"Ke ta kinka kai ma gwaggona goro?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ni ce, ranka ya daɗe, na fara bayani, kalmomi na tuntuɓe da juna. Ya ɗaga hannu. Kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ɗan ya miƙa masa ruwa.

"Tsohuwar ga ta hana ni sakat. Saƙo bisa saƙo, har ta ce a yi kafin azumi." Ya share ido da bakin riga. "Kada ki damu, ni da ƙarin aure sai a lahira, gwiwoyina sun gama. Amma wadda za ta tashi ta je har Tibiri don ta san inda za ta sa ƙafa, ita nike so ta riƙe mani kaya. Ki fara ranar Litinin."

Na fita ban san ta wace ƙofa ba. Na zagaya bayan wata babbar mota na tsuguna na yi kuka, irin kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza. Wani direba ya leƙo ya ce lafiya, na ce lafiya lau, na samu aiki. Ya ce to Allah ya kyauta, ya koma.

Da na tsaya na yi waya kawai, wataƙila da labarin ya zama daban. Amma na daɗe ina sauraron "bana ta isa lakwal ko?", kuma ina so in ga fuskarsa lokacin da zan ba shi amsa. Ga shi kakar yarinyar ta daɗe tana cewa a kawo mata ita ta gani. Washegari na yi wa ɗiyata kitso, na sa mata rigarta ta salla, na riƙe hannunta muka shiga motar Jiratawa. Da ƙafata na kai ta.

Fadamar ta yi kore shar, ruwa na gudu a magudanun siminti, mata a sunkuye cikin zogale suna tsinka. Muna wucewa wata ta miƙe ta sa hannu a goshi ta ƙwala mini kira, "Amarya! Ba a ko gaya muna?" Sauran suka ɗago suna dariya. Na ƙara riƙe hannun yarinyar har ta ce ina ji mata ciwo. Da ina da hankali a nan zan juya. Amma ina da aiki a hannu, ina ganin gaskiya ta ishe ni.

Surukata ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta rungume jikarta, ta ja ta cikin ɗaki wai za ta ba ta fura. Aka ce yayan mijina na garka, lambunsa na fadama. Na same shi da hauya yana buɗe wa albasa ruwa, wandonsa a naɗe. Na gaishe shi, ya amsa da muryar nan tasa mai sanyi, bai daina aikin ba.

"Yaya, na zo in gaya maka na samu aiki. Zan iya riƙe ta, zan sa ta lakwal."

"Mun ji. Allah shi sanya alheri."

"Abin da kunka ji ba shi ba na. Ba aure ba na, aiki na."

Ya toshe wata hanyar ruwa da ƙasa, ya buɗe ta gaba, sannan ya jingina da hauyar.

"Wa ya ba ki aikin?"

Na faɗa masa.

"To." Ya gyaɗa kai. "Shi ɗin dai da kinka kai ma gwaggo tai goro. Matan garin ga sun ci goron da bakinsu. Ni ban hana ki aure ba, ke yarinya ta, addini ya ba ki. Abin da ya yi mani ciwo, mu da munka zama iyayen ɗiyarki sai a kasuwa munka ji."

Na ba shi labarin tun daga farko, da mai kwat, da mai shinkafa, da abin da Alhajin ya faɗa da bakinsa game da gwiwoyinsa. Ina faɗa ina jin yadda labarin yake a kunne, ni kaina da wata ce ke ba ni shi da ban yarda ba. Wane ne a Jiratawa ya taɓa jin an kai goro don neman aikin biro? Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba.

"In haka na, abu mai sauƙi. Ki bar aikin wurin shi, kowa shi ga ba komi tsakaninku."

"In na bari, da mi zan ciyar da ita?"

"Shi ya sa ta zamna nan."

Na yi ihu a garkar nan. Na ce masa azzalumi, na ce ƙanensa ba zai yafe masa ba, na ce abubuwan da ba a gaya wa yayan miji. Mutanen garkunan kusa suka miƙe suna kallo. Shi kuwa bai ɗaga murya ba, idanunsa ne kawai suka yi ja. Ya ce in je in huce, a jira a gani. In shekara ta zagayo ba a ɗaura komai ba, sai a sake magana. Na durƙusa cikin laka da atamfata na roƙe shi. Ya kau da kai ya ce in tashi, ba kyau.

Da na koma gidan, yarinyar ta tuɓe rigar salla tana wasa a bakin magudana da 'ya'yan baffanta, ƙafafunta duk taɓo. Surukata na tsaye a ƙofa, ta ƙi haɗa ido da ni. Na ce wa yarinyar zan je Maraɗi in dawo. Ko damuwa ba ta yi ba, ta ɗauka hutu ne. Ta ce in zo mata da biskit. Na ce to.

Ranar Litinin na fara aiki, don ban ga abin da barinsa zai dawo mini da shi ba. Da Alhajin ya ji abin da ya faru ransa ya ɓaci, ya tura direbansa da babbar motarsa har Jiratawa ya yi musu bayani. Ya yi ne don alheri, amma ya ƙarasa ni. Garin ya ce dubi, wane attajiri ne ke aika mota irin wannan saboda 'yar aiki? Na so in kai ƙara wurin alƙali. Ƙanena ya ce ba za a ce gidanmu ya kai dangin mamaci kotu ba, Inna ta yi ta kuka tana cewa in na yi haka yarinyar ce za ta tashi ba dangin uba. Na haƙura na jira shekarar.

Shekara ta zagayo ba a ɗaura komai ba. Na je. Yaya ya ce ya gani, ya kuma ce in yafe masa zaton da ya yi, amma yarinya ta fara lakwal a can, ba a cire ta tsakiyar karatu. Da karatun ya ƙare kakarta ta kwanta ciwo, ba ta karɓar magani daga hannun kowa sai jikarta. Bayan tsohuwar ta rasu aka ce a tambayi yarinyar da kanta. Aka kira ta gaban mutane, ta dube ni, ta dubi matar baffanta, ta sunkuyar da kai ta ce ƙawayenta na nan.

Har yau ina magazar nan. Ban auri Alhajin ba, ban auri kowa ba. Na kama ɗaki biyu a unguwar Zariya, a ɗaya na sa wa yarinyar gado da labule mai furanni, ba wanda ke kwana a ciki sai Inna in ta zo. Ni ke sayen kayan lakwal ɗinta da na salla, duk wata ina zuwa Jiratawa da leda cike, ba wanda ya taɓa hana ni shiga. Wani lokaci in na ga 'yan mata a benci suna jiran ganawa sai in ji kamar in ce musu su shiga kawai, kada su tambayi kowa komai.

Sallar da ta wuce na je da yamma. Yarinyar ta yi tsawo, ta kusa kamo ni, ta fara ɗaura ɗankwali irin na matan can. Tana ganina ta bar wanke-wanken da take yi, ta shimfiɗa mini tabarma. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, kun zo lahiya?" Ta kawo mini ruwa a kwanon da suke ajiye wa baƙi, ta jira na sha, ta ɗauki kwanon ta koma ciki.